Fankokin da Suka Cinye Mini Adaidaita a Tamale

Na sauka a tashar Tamale da hantsi, ƙafafuna sun kumbura har takalmina ya ce bai san ni ba. Kwana biyu da yini ina cikin mota, na tsallake iyaka uku, kuma a kowace iyaka sai an sami wani mai kaki da zai ƙura wa akwatin kayan aikina ido kamar gadon ubansa na sato. A ta ƙarshe wani ya zaro testata ta gwada wuta, ya juya ta, ya ce wannan makami ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara ashirin tana aljihuna, ko sauro ba ta taɓa kashewa ba." Bai yi dariya ba. Sai da na ajiye masa na shayi sannan ya gane ashe testa ce.

Sunana Isyaku, mai gyaran wuta daga Funtuwa. In ka shiga unguwarmu ka ce Isyaku Shokin, ko akuya ka tambaya za ta raka ka ƙofar gidanmu. Wuta ta ja ni ya fi sau dubu, ta gaji ta ƙyale ni.

Wanda ya kira ni Tamale wani mutumin Kumasi ne, Mista Boateng. Mun taɓa yin aikin wayarin wani otal tare a Kaduna, ya ga hannuna ya yaba. Hausarsa ta kasuwa ce, kowa da komai a wurinsa namiji ne, amma in yana zancen kuɗi ko kurma zai fahimta. Ga yadda ya shimfiɗa mini maganar a waya, yana ta kirana Masa, wato maigida a bakinsu:

"Masa Isyaku, gwamnati ba shi da kuɗin canja kaya, amma shi yana biyan kuɗin wuta kowane wata. Mu za mu sa kuɗinmu. Mu cire tsohon ƙwai, mu sa sabo wanda ba ya shan wuta. Bil ya sauka. Abin da ya sauka shi ne namu, har shekara biyar. Bai sauka ba, ba mu da komai. Amma zai sauka, ko makaho ya sani. Kada ka zo lebura, Masa. Zo da hannun jari."

Hannun jarin da na zo da shi adaidaita sahuna ce. Ita ke riƙe da gidana in aiki ya yi ƙasa: direba ya fita da ita da safe, da yamma ya kawo wa matata Hajara balas, a ɗora tukunya, a biya wa 'ya'yanmu su Ummi kuɗin makaranta. Na sayar da ita, na tura wa Mista Boateng kuɗin aka zuba cikin sayen ƙwayayen fitila. Na ce wa Hajara wata uku kacal, za ta ga adaidaita biyu a ƙofar gida, ɗaya tata ɗaya ta zuwa biki.

Masaukina na farko kuma na ƙarshe a Zogbeli ne, gidan wani dattijo Badagombe, Mba Yakubu. Ɗakin da ya ba ni, in na miƙe ƙafa sai na buɗe ƙofa. Zafin garin kuwa, ni da nake taƙamar na san rana, a Tamale na gane ashe a Funtuwa ƙanwarta muke gani. Na ga ƙadangare yana bin ɗan'uwansa a guje don ya fake a inuwarsa. Na ga mata a kan babur, da goyo, da kwandon doya a baya, suna wuce ni kamar iska, har wata ta yi mini tsawa wai na tsaya tsakiyar titi ina kallo kamar baƙauye. Gaskiyarta. Mba Yakubu ya koya mini gaisuwa: in an ce "Dasiba" da safe, ka ce "Naa", duk abin da aka ƙara ka ci gaba da "Naa". Na riƙe ta gam. Mako guda ina cewa "Naa", har wata mai koko ta tambaye ni ko ni ne na tafi da kofinta, na ce "Naa".

Kullum da magariba dattijon nan zai turo mini tuwon zafi da miyar ayoyo. Tun ranar farko ya ce, "Baƙo ba ya cin abinci shi kaɗai a gidana," ya jawo kujerarsa ya zauna yana kallona har na suɗe kwano.

Wurin aikin wani ƙaramin asibitin gwamnati ne a gefen gari, ba zan faɗi sunansa ba. Kafin mu taɓa ko waya ɗaya, sai da wata mata ta zo daga Accra da kwamfuta, ita ce mai awo. Ta tattara takardun kuɗin wuta na shekarar da ta wuce, ta haɗa, ta raba, ta fitar da lamba ɗaya ta ce wannan ce ma'auni. Duk abin da ya yi ƙasa da ita, namu ne. Aka miƙo takardar yarjejeniya mai kaurin katifa, Turancinta ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Shugaban asibiti ya sa hannu, Mista Boateng ya sa, ni ma na zana nawa har da wutsiya. Ban karanta ko layi ɗaya ba.

Muka fara. Na cire tsofaffin dogayen fitilun nan masu kuka kamar ƙudan zuma, na sa sababbi. Na canja iyakwandishan uku na ofis waɗanda na tabbata sun girme ni. Mista Boateng ya ga aiki ya kama hanya, ya koma kudu neman wata kwangila, sai dai waya.

To, ga inda na yanka kaina.

Mu a Funtuwa yadda aka koya mana aiki, in ka hau tsani a gidan mutum ba ka saukowa ka bar mataccen abu kusa da hannunka. Maigidana da ya koya mini sana'a, Allah ya ji ƙansa, in ka gyara fitila ka bar soket a ƙone sai ya tambaye ka ko idonka ɗaya ne. Ba a lissafa irin wannan a kuɗin aiki. Da shi ake riƙe mutane, da shi ake yin suna.

Ranar da na shiga ɗakin mata, ina saman tsani, sai shugabar nas-nas ta tsaya a ƙasa. Madam Azara ke nan, mace mai jiki da murya, wadda in ta yi gyaran murya likita ma yana gyara tsayuwa. Ita ma, kamar yawancin mutanen garin, kowa namiji ne a Hausarta.

"Injiniya," ta ce, "tunda kai yana sama, duba wannan fanka. Shi ya mutu tun ina budurwa."

Na ce, "Haba Madam, in tun kina budurwa ne, ai bai wuce makon jiya ba."

Ta girgiza tsanin har na kama silin. "Alata, bakinka zai kashe ka! Duba fanka."

Alata shi ne sunan duk wanda ya fito daga Najeriya. Na buɗe fankar, ba abin da ya same ta sai kafasita, ɗan abin nan mai girman kwalin ashana da ke tayar da ita. Kuɗinsa bai kai na shinkafa da nama ba. Washegari na sayo a kasuwa da kuɗin abincina na sa. Fanka ta yi tari, ta zubo da yanar gizo da gawar ƙwari, ta fara juyawa. Wallahi sai da ɗakin ya ɗauki guɗa. Wata tsohuwa da aka ce kwana uku ba ta yi magana ba ta ɗaga hannu tana sa mini albarka da Dagbanci, ni kuwa ina sama ina ta "Naa, naa".

Daga nan kaina ya kumbura. Fanka talatin da ɗaya na tayar a asibitin nan, ɗaki bayan ɗaki. Na tarar da injin da ke tura ruwa tanki ya shekara biyu a kwance, 'yan jinya na ɗauko ruwa a jarka daga waje. Na kwance shi, na naɗa, ya tashi. Na gyara tukunyar da ake dafa almakashi da sauran kayan aiki. Na farfaɗo da soket-soket, nan da nan kowa ya zo da cajarsa, masu jinya suka zo da butar dafa ruwa. Na zama wani abu. In na shigo ƙofa mai gadi har ƙamewa yake. Madam Azara ta fara aiko mini da waake, shinkafa da wake irin tasu, da ƙwai da taliya a sama, kullum da azahar. Ni kuma ina zaune ƙarƙashin mangwaro ina ba masu shara labarin yadda na taɓa gyara taransifoma da haƙori.

Bayan wata huɗu Mista Boateng ya dawo da takardar bil a hannu. Bai ko gaishe ni ba.

"Masa, zo nan. Karanta."

Na duba. Na juya takardar ko a kife na riƙe ta. Bil bai sauka ba. Hawa ya yi.

"Mita ce ta lalace," na ce.

"Mita lafiyarsa lau! Ni na shiga ɗakin mata yanzu, iska ya kusa ɗauke mini hula. Wa ya tayar da fanka? Wa ya tayar da famfo?"

Na ce ni ne, har da ɗan murmushi, ina jiran yabo.

Ya dafe kai ya zauna a kan tushen mangwaro. "Ka kashe ni. Ka kashe kanka. Ma'auni da matar Accra ya rubuta, na asibiti ne wanda rabinsa ya mutu! Mataccen fanka ba ya shan wuta, Masa. Kai ka tashe su duka suna ci, sun cinye abin da ƙwai ya rage, sun ƙara da namu."

Ya zaro yarjejeniyar ya nuna mini wani layi da farcensa. Wai duk abin da za a ƙara wa wuta, sai an rubuta, an sa hannu, an aika wa mai awo ta gyara ma'auni, kafin a kunna. Kafin, ba bayan ba.

Na ce, "To ai sai a rubuta yanzu."

"Je ka rubuta," in ji shi.

Na tafi. Shugaban asibitin da ya sa hannu an yi masa canjin wurin aiki. Sabon ya ce shi fankoki ya tarar suna juyawa, bai san wata ta taɓa mutuwa ba, in tafi ofishin yanki. A ofishin yanki aka ce mai kula da fayil ɗin ya tafi jana'iza. Jana'izar nan mako uku ana yinta, har na fara zargin mamacin tashi yake ana sake binne shi. Da ya dawo ya ce wannan maganar Accra ce. Na zauna a bencin ofishin nan har ya ɗauki siffar mazaunaina. Na tabbata yau duk wanda ya zauna a kai zai ji bai dace da shi ba. Kullum amsa ɗaya: "Accra bai amsa ba, zo gobe."

A cikin wannan hali Hajara ta kira.

"Malam, masara ta kusa ƙarewa. Wata uku ka ce, yau ana neman bakwai."

Na ce, "Ke dai ki fara share wurin ajiye adaidaita biyu. Wane launi kike so?"

"Ba dariya na kira ka ba ni ba. An koro su Ummi daga makaranta."

Na sauke wayar daga kunne. Ban taɓa jin nisan gida irin na ranar ba. Ina tsaye bakin titin Bulpiela, 'yan yalo-yalo, wato adaidaitarsu, suna ta wucewa cike da fasinja, kowace ta wuce sai na ga kamar tawa ce aka sake wa fenti.

Mba Yakubu ya lura na fara rage tuwo. Ya matsa, na ba shi labari. Ya daɗe yana sakace, sannan ya ce, "Ka faɗa wa matar nan mai aiko maka abinci. Asibiti a hannunsa yake."

Na ce, "Baba, da wane baki? Matar da take kirana Injiniya a gaban mutane, in je in ce mata ban iya karanta takardar da na sa wa hannu ba?"

"To ci kunyarka," ya ce, "tunda ka ƙi cin tuwo."

Ban faɗa mata ba. Kullum in na gan ta sai in ƙara mata wani sabon barkwanci.

Ana saura kwana kaɗan watan Maris ya kama, Mista Boateng ya zo ya ja ni bayan ɗakin janareta. Ya ce mai awo za ta dawo ƙarshen wata, kuma da bil ɗin watan za ta yanke hukunci.

"Mayar da komai yadda ka same shi. Cire abin da ka sa a fanka, kashe famfo. Wata ɗaya kawai, Masa. Shi ya sa hannu, kuɗi ya fara fita, ka sayi kekenka."

"A watan Maris? Ka san zafin da ake yi kuwa?"

"Shekara nawa suna zaune haka kafin ka zo? Sun mutu? Wata ɗaya."

Zan so in ce na yi masa tsawa. Ban yi ba. Na tuna su Ummi a gida, na ɗauki sukundireba.

Kwana uku na yi ina kashe abin da na raya. Na ce musu sabis za a yi, za a kai kayan Kumasi a duba. Duk fankar da na cire wa kafasita sai ta ɗan ci gaba da juyawa, tana rage gudu, tana rage gudu, marasa lafiya suna binta da ido har ta tsaya. A ɗakin mata Madam Azara da kanta ta riƙe mini tsani.

"Yaushe zai dawo, Injiniya?"

"Kafin ki ƙifta ido, Madam."

"Ni ina ƙifta ido da yawa," ta ce. Ba ta girgiza tsanin ba.

Na zuba kafasitocin nan talatin da ɗaya a leda na cusa ƙarƙashin katifata. Na zare fis ɗin injin ruwa na sa a aljihu.

Watan nan ban san yadda zan kwatanta shi ba, kuma ni da ba na rasa abin faɗa. Na daina bi ta gaban ɗakunan, sai in zagaya ta bayan ɗakin wanki. Amma ko ta can ana hangowa ta taga: mata zaune bakin gado suna yi wa nasu fifita da kwalin magani, masu jego sun fito baranda da jarirai suna neman iska, jarkoki sun dawo layi a bakin ƙofa. Mai gadi ya daina ƙamewa. Masu shara suka daina zuwa jin labari. Abinci kuwa bai fasa zuwa ba, kullum da azahar, da ƙwansa da taliyarsa. Ina ci kamar ina tauna waya.

Ƙarshen wata mai awo ta zo. Ta duba bil, ta duba kwamfuta, ta ce an samu ragi mai kyau. Ta zagaya ɗakuna da Madam Azara, ta ga fankoki a tsaye yadda ta bar su bara. Ta dawo ofis ta tambaya ko akwai abin da aka ƙara ko aka gyara bayan fitilu da iyakwandishan. Mista Boateng ya ce babu. Ta dube ni. Na ce babu. Muka sa hannu. Wannan karon ban yi wa nawa wutsiya ba.

Da la'asar Mista Boateng ya kai ni wurin mai gasa zabi a Dabokpa, ya saya mini guda sukutum. Ina cikin ci na ce, "Alhamdu lillahi. Gobe da sassafe zan mayar musu da fankokinsu."

Ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. "Wa ya ce?"

"Kai ka ce wata ɗaya."

"Masa, kai yaro ne? Kowane wata uku ana aika bil Accra. Shekara biyar. Bil ya hau, kuɗi ya tsaya. Fanka zai zauna yadda yake."

"Shekara biyar ba fanka, ba ruwa?"

"In gwamnati yana son fanka, ya ba da kwangilar fanka. Ni kwangilar ragi na karɓa. Ci zabonka."

Ban ƙarasa zabon ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Washegari na shiga ofishin Madam Azara, na cire hula, na faɗa mata komai tun daga adaidaita. Ban sa barkwanci ko ɗaya ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ni na sani. Mai shara ma ya sani. Wane sabis ne ake kai kwalin ashana Kumasi?"

Ta jawo durowa ta fito da wani babban littafi mai baƙin bango ta buɗe a gabana. Littafin rahoton ɓarna ne. Kowace fanka da lambar ɗakinta, da ranar da ta mutu, da wasiƙun da ta rubuta ba a amsa ba. A gefe kuma, da jan biro, ranar da na tayar da kowace. Har da injin ruwa. Shaidar da na yi wata biyu ina nema a benci, ga ta nan taku ashirin daga inda nake cin waake.

Na ce, "Madam, don Allah me ya sa ba ki nuna wa matar Accra ba?"

"Shi ya tambaye ni a ɗaki, ya ce akwai abin da ya canja? Na ce tambayi Injiniya, shi ya san aikinsa. Littafi yana hammatana. Na jira ka buɗe baki, kai da bakinka ba ya rufuwa. Ka ce babu."

"Da ta karɓa?"

"Wataƙila ya karɓa, wataƙila bai karɓa ba. Kai ba ka gwada ba."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Amma kika ci gaba da aiko mini da abinci."

"Abinci na baƙo ne," ta ce. "Ba na Injiniya ba."

Na ɗauki hoton shafukan a waya na kai wa Mista Boateng, ina ganin ko yanzu za a iya gyarawa. Ya duba ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ce jiya-jiya muka sa hannu cewa ba a taɓa komai ba; in wannan littafin ya isa Accra, mun zama maƙaryata a rubuce, kwangila ta mutu, wataƙila har 'yan sanda.

"Kuma ka tuna, Masa, kai baƙo ne. Ni ina da lauya. Kai kana da filaya. Bar fanka ya kwanta, ka karɓi rabonka kaɗan-kaɗan. Ka tayar da shi, kekenka ya tafi. Zaɓi."

Kada wani ya ɗauka waliyyi ne ke ba da labarin nan. Kwana biyu na yi a ɗaki ina lallashin kaina. Na ce ai ba ni na kashe su tun farko ba. Na ce ai 'ya'yana ma mutane ne. Na ce shekara biyar kamar gobe ce. Duk na yarda da kaina, sai in juya a katifa in ji ledar nan tana tokare mini haƙarƙari. Wata ɗaya na gani da idona. Na yi ƙoƙarin jera irinsa sittin a raina, na kasa wuce na uku.

Na kira Hajara na faɗa mata gaskiya, karo na farko tun da na bar gida. Ta bari na kai aya, sannan ta tambaye ni.

"Adaidaitar ta tafi ke nan?"

"Ta tafi."

"Duka?"

"Har da madubi."

Na ji ta ja numfashi. "To, Malam, ka dawo da kanka. Kar shi ma ka sa shi a kwangila."

Na sayar da injin huda bangona a kasuwa don kuɗin hanya. Mba Yakubu ya ƙi karɓar hayar watan ƙarshe, ya kuma haɗa ni da wani direban motar albasa da zai koma wajen Gaya ba kaya, ya ce zai ɗauke ni kyauta in dai zan hana shi barci. Na ce wannan kam sana'ata ce ta biyu. Mista Boateng na aika masa saƙo cewa zan mayar da fankoki. Ya kira sau tara ban ɗauka ba. Daga baya ni na kira, har yau wayarsa a kashe take. Madam Azara ta ce littafinta zai tafi Accra da hannunta, abin da zai faru ya faru. Ban san me ya faru ba. Abin da na sani, ko sidi ɗaya na kuɗinsu ban gani ba, kuma yanzu adaidaitar wani nake ja da yamma in na tashi daga gyaran wuta, ni ke kai wa matar wani balas.

Ranar da zan tafi na isa asibiti da ledata tun da safe. Na mayar da fis, na tsaya har na ji ruwa yana hawa tanki. Na bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ba guɗa wannan karon, ba sa albarka. Kallona kawai ake, irin kallon da ake yi wa wanda ya dawo da akuyar da ya sata. Wajen azahar na kai ta ƙarshe, ta talatin da ɗaya, a kusurwar ɗakin maza. Rigata ta jiƙe sharkaf. Na ɗaura, na sauko, na murɗa makunni har lamba biyar. Ta ɗauka da ƙarfi, labule ya tashi.

Na tsaya ƙarƙashinta na ɗaga kai. Na ce a raina, Isyaku, kalli adaidaitarka tana gudu.

Sai na ji ana taɓa mini wando. Wani tsoho ne a gadon da ke ƙasa, sabon kwanciya, bai san ni ba, bai san komai ba. Ya jawo zane har wuya yana harara ta.

"Masa," ya ce, "kashe wannan abu. Sanyi yana damuna."